Tsohuwar Kwamfuta, Mataccen Batir da Haƙƙin Maƙwabci

Babu gidan Musulmi a ƙasar Hausa da ba a san hukuncin takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba. Ƙaramin yaro ma idan ya ga yagaggen shafin Alƙur'ani a ƙasa, zai sunkuya ya ɗauka, ya soke shi a tsagar bango ko ya kai wa malam. Wannan ladabi ne da muka gada, kuma abin alfahari ne. Sai dai a wannan gida dai, ƙarƙashin gado ko bayan ɗakin girki, akwai wani tarin kaya da ba mu taɓa tsayawa muka tambayi hukuncinsa ba: wayoyin salula uku ko huɗu da suka daina kawo wuta, tsohuwar talabijin mai ƙusumbi, kwamfutar da ɗan gidan ya gama jami'a da ita, fitilun caji da suka mutu, da batirin sola da ya daina riƙe wuta. Ranar da mai jari-bola ya biyo layi da kurarsa sai a fito masa da su, a karɓi 'yan kuɗi ko robar wanki, kowa ya kama gabansa. Inda kayan za su ƙare, da huhun da zai shaƙi hayaƙinsu, ba mu ɗauke shi abin da ya shafe mu ba. Ra'ayin wannan shafi shi ne ya shafe mu, kuma ta fuskar addini ya fara shafar mu kafin kowace fuska.

Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai duniya ta zubar da matattun kayan lantarki da nauyinsu ya kai tan miliyan 62, kuma kashi 22 cikin ɗari ne kacal aka tabbatar an tattara an sarrafa ta hanyar da ta dace. Ana hasashen adadin zai kai tan miliyan 82 nan da 2030. Nijeriya kuwa kaya biyu take ɗauke da su, nata da na wasu. Wani bincike da aka gudanar a tasoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa ana shigo da kayan lantarki na hannu kimanin tan 60,000 a shekara, akasarinsu daga Turai, kuma aƙalla tan 15,400 daga ciki matattu ne tun kafin su sauka. Da yawansu a cikin motocin gwanjo ake cusa su, inda idon jami'i ba ya cika kaiwa. Daga Apapa su shiga Alaba da kasuwar kwamfutoci ta Ikeja, daga nan su hau manyan motoci zuwa Farm Centre a Kano, zuwa Kaduna da Sakkwato, wasu su tsallaka Maraɗi da Damagaram. Tun da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake yi wa manhajar Windows 10 a watan Oktoban 2025, ofisoshin Turai da Amurka sun sami ƙarin dalilin sallamar tsofaffin kwamfutocinsu, kuma ba sai an yi duba ba kafin a san inda kaso mai yawa daga cikinsu zai dosa.

Ba mu cikin masu cewa a toshe ƙofar kayan hannu baki ɗaya. Wanda ya faɗi haka bai san halin da ɗalibi yake ciki ba. Tun 2015 da jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta, ɗan talakan da ya taɓa madannai kafin ranar jarrabawa, galibi a kan kwamfutar gwanjo ya taɓa su. Ɗaliban ilimi da ke ɗauke da dubban littattafan tafsiri da hadisi a cikin na'ura ɗaya, da yawansu ba su da ƙarfin sabuwa. Rahama ce. Amma mu san abin da muke saye: ƙarshen rayuwar na'ura muke saye. Wani ya mori ƙuruciyarta shekara biyar ko shida, mu kuma muka karɓi tsufanta da jinyarta, jana'izarta ta faɗo a wuyanmu alhali ba mu tanadi maƙabarta ba.

Me ke cikin gawar? Akwai abin so. A allon cikin waya da kwamfuta akwai ɗan zinariya da azurfa, a cikin wayoyin wuta akwai tagulla, a jiki akwai sanholo da ƙarfe. Wannan ne ya sa sana'ar take ci. Amma tare da su akwai dafi. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙusumbi yakan ƙunshi dalma fiye da kilo guda. Dogayen ƙwayayen fitila da fuskokin tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka suna da zaiba. Batirin mota da na inbata, fiye da rabin nauyinsa dalma ce, tana jiƙe cikin ruwan batir mai cin fata. Batirin waya kuma idan ya kumbura aka huda shi ko ya sha zafi, wuta yake kamawa. Robar da ke lulluɓe da wayar wuta, idan aka ƙona ta don a fitar da tagulla, takan saki wani dafi da masana ke kira dayoksin, wanda ke zama a ƙasa, ya shiga kitsen dabba, ya shiga nonon uwa. Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan gari da yamma ya ga baƙin hayaƙi na tashi daga tulin wayoyi da aka cinna wa tsohuwar taya, yara biyu ko uku na juya shi da sanda, to abin da ya gani ke nan.

Mu mutanen Arewa ba mu da uzurin rashin sanin dalma. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara na mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, kuma kafin a shawo kan lamarin yara fiye da 400 sun rasu. Dalma ce ta fito daga duwatsun zinariya da ake dakawa a tsakar gida, a turmin da ake dakan hatsi, a ƙasar da jarirai ke rarrafe. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi. Mai karatu zai ce wancan haƙar ma'adinai ne. Gaskiya ne, amma dafin ɗaya ne, kuma batir ma ya yi irin wannan kisa. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, a unguwar Thiaroye da ke gefen birnin Dakar na Senegal, yara 18 suka mutu saboda dalmar tsofaffin batiran mota da ake fasawa a unguwar. Iyaye mata ne ke kwaso ƙasar wurin zuwa gida suna tankaɗewa don su tsinci ɓurɓushin dalma su sayar, 'ya'yansu na goye a baya. Musulmi ne kamar mu, abinci suke nema kamar mu.

Waɗanda suka mutu an ƙirga su. Waɗanda ba a ƙirgawa su ne suka fi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa tun yaro na ciki, tana rage kaifin fahimta da riƙe karatu, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. Malamin allo ko na Islamiyya da ke fama da yaron da aka biya masa aya sau ashirin bai riƙe ba, ƙila ya kira shi daƙiƙi, ƙila ma ya kai masa bulala. Ba mu ce kowane irin wannan yaro dalma ce ta taɓa shi ba. Muna cewa a unguwar da ake narkar da batir, tambayar ta cancanci a yi ta. Kiyaye hankali da kiyaye zuriya suna cikin manyan manufofi biyar da malaman usulu suka ce shari'a ta zo don tsare su, kuma ga abu ɗaya yana cin duka biyun a bayan katangarmu.

A Agbogbloshie ta birnin Accra, inda matasa da yawa daga arewacin Ghana suka shafe shekaru suna ƙona wayoyi kafin hukuma ta rushe wurin a watan Yulin 2021, an auna ƙwan kajin da ke kiwo a filin, aka fitar da sakamakon a 2019. Aka samu cewa ƙwai ɗaya tak ya ninka sau 220 adadin dayoksin da hukumar kula da abinci ta Turai ta ce jikin babban mutum zai iya ɗauka a yini. Uwargidan da kajinta da awakinta ke kiwo a juji ta yi tunani a kan wannan.

To, mene ne matsayin shari'a? Abin mamaki shi ne malamanmu sun daɗe da amsa tambayar, mu ne ba mu haɗa amsar da zamaninmu ba. Hadisin da ya hana cuta da cutarwa yana cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, shi ne kuma na 32 a cikin Arba'una ta Imam Nawawi da yaranmu ke haddacewa a Islamiyya. A kansa fuƙaha'u suka gina ƙa'idar cewa cuta gusar da ita ake yi. Mukhtasar na Shaikh Khalil, wanda ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato ɗaruruwan shekaru, ya kawo a babin tarayya cewa alƙali yana hukunta hana hayaƙin da ke cutar da maƙwabta irin na gidan wanka, da wari irin na majema. Hayaƙin itacen gidan wanka ke nan, wanda iyakarsa ya sa ido hawaye ya baƙanta bango. Idan shari'a ta ba maƙwabci ikon kai ƙara a kan wannan, yaya hayaƙin da ke rage wa ɗansa hankali har abada? Alƙur'ani a Suratul A'araf ya yi hani ga ɓarna a bayan ƙasa, a Suratur Rum kuma ya danganta bayyanar ɓarnar ga aikin mutane da kansu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani a kan ɓata mashayar jama'a da hanyarsu da inuwarsu. Ruwan batir da aka tuttular a kwata, damina ta kwashe shi zuwa kududdufi da rijiya, yana cikin ma'anar wannan gargaɗi ko da lafazin bai ambace shi ba.

Wani zai ce: ni sayarwa na yi, hannuna ya fita. A nan ne ya kamata mabiyin mazhabar Malik ya fi kowa taka-tsantsan, domin mazhabar ta shahara da toshe hanyoyin da ke kai wa ga ɓarna. Malamanta sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, da makami ga wanda aka san fashi zai yi. Ba muna ba da fatawa ba ne cewa sayar wa mai jari-bola tsohuwar rediyo haramun ne. Wannan aikin majalisun malamai ne, kuma muna roƙon su zauna da likitoci da masana sinadarai su duba shi. Amma wanda ya san tabbas cewa batirin da ya miƙa za a fasa shi da gatari a bayan makarantar unguwa, ya kuma zaɓi hakan saboda ƙarin naira dubu biyu, da wuya ya ce zuciyarsa ta natsu.

Kada kuma a fahimce mu da cewa 'yan jari-bola da 'yan gwangwan su ne abokan gaba. Mutumin da ya tura kura cikin rana daga Kurna zuwa Ƙofar Ruwa don kada ya yi bara ko sata ya fi ƙarfin raini, kuma shi ne ke yi wa birane aikin da hukumomin shara suka kasa. Akwai ɓata-gari a cikinsu masu cire murfin kwata da wayar wutar jama'a, kamar yadda ake da su a kowace sana'a, sai dai korar su gaba ɗaya ba ta kashe wutar, matsar da ita take yi. Bayan rushe Agbogbloshie, sana'ar ta watsu ne zuwa cikin unguwanni da wasu filaye. Abin da masu wannan sana'a ke buƙata shi ne fili nesa da gidaje, na'urar feɗe waya maimakon ashana, safar hannu da takunkumi, da mai saye da zai biya su farashi mai kyau a kan batirin da ba a fasa ba. Abu ɗaya ne ba ma ganin akwai sassauci a cikinsa: yara. Almajirin da aka tura neman ilimi ya ƙare yana juya tokar waya don ya sami na abinci, amanarsa tana wuyan mahaifinsa da malaminsa da dillalin da ke auna masa tagullar, kuma tana wuyan unguwar da ke kallo.

A cikin gida kuwa gyara yana farawa tun kafin na'ura ta mutu. Sauya waya duk shekara don kawai sabuwa ta fito, alhali ta hannu lafiyarta ƙalau, yana da wuya a raba shi da almubazzarancin da Suratul Isra'i ta yi kakkausan suka a kansa. Haka sayen caja da fitila mafi araha da aka san ba za su yi wata uku ba. Arahar da ke sa a sayi abu sau huɗu a shekara ba araha ba ce, juji kawai take cikawa. Allah Ya hore mana masu gyara da hannunsu ya faɗa, waɗanda ke tayar da wayar da a Turai sai dai a jefar. Kai musu aiki ya fi ajiye na'ura a durowa har batirinta ya kumbura. Wanda kuma ya sami sabuwa, tsohuwar da ke aiki tana da masu buƙata a danginsa da makarantar unguwarsu. Amma a ba da mai aiki. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mutum ya zaɓo lalataccen abin da shi kansa ba zai karɓa ba ya ce sadaka ya yi. Muna jin haushin ƙungiyoyin waje da ke turo matattun kwamfutoci da sunan tallafi. To mai kuɗin da ya kwashe tarkacen ofishinsa ya jibge wa Islamiyya, aka ɗauki hoto, bayan mako guda babu wadda ke kunnuwa, shi ma sharar ya raba da kansa da sunan alheri.

Akwai wata amanar da ake mantawa. Wayar da fuskarta ta fashe ba ta manta abin da ke cikinta ba. Hotunan iyali a cikin ɗaki, saƙonnin miji da mata, lambobin banki, sirrin abokin da ya yarda da kai, duk suna nan, kuma mai ɗan ilimin gyara yana iya fito da su. Gidaje sun mutu ta wannan hanya. Kafin waya ko kwamfuta ta bar hannu, a cire layi da memori, a fita daga asusun da ke kanta, a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Idan ta mutu ba ta kunnuwa, a sa mai gyara amintacce ya cire rumbun ajiyarta a gaban mai ita. Wanda kuma irin wannan na'ura ta faɗo hannunsa, mai gyara ne ko mai saye, ya sani leƙa abin da ke ciki bin diddigin sirrin Musulmi ne da Suratul Hujurat ta hana.

Ga 'yan kasuwarmu, labarin tulin abincin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu a ciki ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa ya isa wa'azi. Kwamfutar da aka san batirinta minti goma yake yi, ko wayar da aka buɗe aka sauya mata kayan ciki aka ce ba a taɓa ta ba, ɓoye aibinta algus ne, kuma shari'a ta ba mai saye zaɓin mayarwa. Mai shigo da kwantena yana sane cewa rubu'inta gawa ce, shi kuma ya ɗauko wa ƙasarsa sharar wasu ya ci riba a kai.

Hukuma ba ta rasa doka ba. Tun 1988, lokacin da aka jibge dubban gangunan dafi daga Italiya a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel, gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 42 da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da shara mai guba. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar Basel ta 1989. An kafa hukumar NESREA a 2007, a 2011 kuma aka fitar da ƙa'idojin kayan lantarki da suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigowa nauyin karɓar kayansu idan sun mutu. Matsalar ita ce kamfanonin da ke da rajistar sarrafa irin wannan shara yawancinsu a Legas da kewayenta suke. Magidanci a Gusau ko Azare da ya karanta wannan rubutu ya yi niyyar yin daidai, ina zai kai batirinsa? Wannan giɓi ne da gwamnatocin jihohin Arewa za su cike, kuma ba ya buƙatar biliyoyi: rumfar karɓar matattun kaya a kowace babbar kasuwar waya, yarjejeniya da ƙungiyoyin 'yan kasuwar da na 'yan gwangwan, da motar da za ta riƙa kwashewa zuwa inda ake sarrafawa. Jihohin da ke da hukumar Hisba su tuna cewa a littattafan magabata aikin muhtasibi ya haɗa da sa ido a kan ma'auni, da algus, da masu sana'ar da hayaƙinsu ko ƙazantarsu ke cutar da jama'a. Wannan babi na aikin yana nan yana jiran mai buɗe shi.

Masallatai su ne ya kamata su fara, domin su kansu yanzu suna cikin masu tara wannan shara. Tun da man fetur ya yi tsada a 2023, masallatai da makarantu da yawa sun koma sola, kuma batiran dalma da aka fi saye ba su cika wuce 'yan shekaru ba. Kwamitin masallacin da ya tara kuɗin jama'a ya sayi batir takwas, shi zai yanke shawarar inda takwas ɗin za su tafi. Ya sanya sharaɗi tun ranar saye cewa dillali zai karɓi tsofaffin a rufe, ya kuma faɗi inda yake kai su. Liman ya ware huɗuba guda a kan haƙƙin maƙwabci ya ambaci hayaƙin waya da sunansa. Ɗaliban jami'a da na sakandare, musamman masu karatun kimiyya da ke cikin ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi, su ne suka fi dacewa su zagaya wuraren 'yan gwangwan na unguwarsu, su zauna da su cikin girmamawa su bayyana musu abin da dalma ke yi wa jini, domin da yawansu ba wanda ya taɓa gaya musu.

Kafin a samu wurin kaiwa, mataccen batir a ajiye shi a tsaye, a inuwa, a kan katako, nesa da rijiya da madafa da hannun yara, kada a buɗe shi, kada a zubar da ruwansa. Batirin waya da ya kumbura a raba shi da wayar a sa shi cikin gwangwani mai yashi. Ƙwan fitila da tsohuwar talabijin kada a fasa su. Wanda kuma yake aikin fasa waɗannan kaya, ya sauya tufafi ya wanke jikinsa kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa.